Muhawara: Kuɗin kamfani ne ke cin gasar rali ta duniya, ko gwanintar gareji?

Injiniyan Samaru:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga lissafin kakar 2025 ta gasar rali ta duniya, WRC, tseren motoci da ake yi zango-zango da agogo a kan hanyoyin burji da kwalta. An yi tsere 14. Toyota ta ci 12, Hyundai ta ci 2, direbobinta Tänak a Girka da Neuville a Saudiyya, M-Sport Ford kuwa, ƙungiya mai zaman kanta da ke tsere da motocin Ford, ba ta ci ko ɗaya ba. A Finland motocin Toyota ne suka zo daga na ɗaya har na biyar, abin da rabon a gan shi tun Lancia a Fotugal a 1990. Abin da nake so mu tattauna shi ne: dokar Rally1, wato ajin manyan motocin gasar, ta ɗaure kowa da injin lita 1.6 mai tobo, giya biyar, nauyi ɗaya, taya daga kamfani ɗaya, mai iri ɗaya. To ta wace ƙofa kuɗin kamfani ke shiga har tazarar ta kai haka? Kuma sabuwar dokar ƙirar mota ta 2027 za ta toshe wannan ƙofar, ko kuwa?

Oga Mai Gareji, Sabon Gari:
Wa'alaikumus salam Injiniya. Ta inji dai ba ya shiga, wannan a ajiye shi gefe. Akwai wani zobe da ake ɗaurawa a bakin tobo don ya taƙaita iskar da ke shiga. Daga 2022 zuwa 2024 faɗin raminsa milimita 36 ne, a 2025 aka mayar da shi 35. Inji kuwa iska yake ci kafin mai. Idan iska ta kai iyakar gudun da za ta iya yi a wannan maƙogwaro, ko ka ƙara wa tobo juyi ba abin da zai ƙaru sai zafi. Shi ya sa injinan su ukun duk suna wajen doki 380 a zamanin zobe 36, bambancin ba ya taka kara ya karya. Milimita ɗaya ɗin nan da aka rage ma kada a raina shi, idan ka yi lissafin faɗin da'ira, kusan kashi biyar da rabi cikin ɗari na hanyar iska ne ya tafi.

Inda kuɗi ke aiki shi ne ƙafar mota. Shokazoba. A rali shokazoba ita ce rabin mota. Cikinta akwai fistin da wasu siraran faranti da ake jerawa don sarrafa yadda mai ke wucewa, a waje kuma akwai wurin saiti daban na dannawa a hankali, na dannawa da ƙarfi, da na dawowa. Jerin farantin da ya dace da burjin Finland mai santsi da tsalle-tsalle ba shi ne zai yi a duwatsun Girka ba. A Girka matsalar zafi ce: man cikin shokazoba ya yi zafi ya tsinke, bayan kilomita ashirin motar ta fara rawa kamar ba a ɗaura mata komai ba. Ƙungiyar da ke da injin gwajin shokazoba a gida, da injiniyoyin da ba su da wani aiki sai wannan, da saiti masu yawa a ajiye, ita ce za ta iso wurin tsere da amsa a hannu. Wadda ba ta da su sai ta zo ta yi ta lalube ranar Juma'a, alhali agogo na tafiya.

Malamin Kongo:
Oga ya faɗi ta ƙarfe, bari in ƙara ta maki, don a nan mutane da yawa ke ɓata lissafi. Kowane kamfani yana zaɓar motoci har uku da za su nema masa maki, a ɗauki biyu mafi kyau. Idan kana da uku masu ƙarfi, ɗaya ta faɗa rami, ba ka yi asarar komai ba. Idan biyu gare ka, faɗuwar ɗaya ta cinye maka rabin mako.

Toyota a 2025 tana fitowa da mota biyar a yawancin tsere: Evans, Rovanperä, Katsuta, Ogier da Pajari, har sai da ta yi wa Pajari rajistar ƙungiya ta biyu. Motar huɗu da ta biyar ba sa kawo wa babbar ƙungiya maki, amma suna shiga tsakanin Hyundai da matsayi mai kyau, kuma kowace tana kawo bayanin yadda taya ta ci da yadda saiti ya yi. Direba biyar na gwada abu biyar a safiya ɗaya.

Sai maganar shara. Ranar Juma'a wanda ke kan gaba a teburin gasa shi ke fara shiga hanya. A kan burji, motar farko ita ke share tsakuwar da ke sama, na baya su tarar da ƙasa mai tauri wadda taya ke kamawa. Direban da ba ya yin kowane tsere makinsa na baya, don haka yana tashi a baya, hanya a share. Hyundai ta yi amfani da wannan dabarar da Dani Sordo, ya ci Sardiniya a 2019 da 2020. Ogier kuwa ya tsallake tsere uku a 2025, Suwidin da Kenya da Istoniya, ya ci shida cikin sha ɗayan da ya shiga, ya ɗauki kambunsa na tara da tazarar maki huɗu a kan Evans. Ajiye zakara irin wannan a matsayin mai zuwa jefi-jefi, sai mai aljihu.

Ɗan Tudun Wada:
Malam, da girmamawa, ban yarda a ce kuɗi ne komai ba. Ina za mu kai 2017? Ford ta janye sunanta a matsayin ƙungiyar kamfani tun ƙarshen 2012. Malcolm Wilson, wanda ya kafa M-Sport, da garejinsa na Dovenby Hall a arewacin Ingila suka ƙera Fiesta, suka kayar da Hyundai da Toyota da Citroën, dukkansu ƙungiyoyin kamfani. Kambun direba da na masu ƙira duk M-Sport ta kwashe. Tsere biyar suka ci: Ogier biyu, Tänak biyu, Evans ɗaya a Wales. A 2018 Ogier ya sake ɗaukar kambu da Fiesta. Ko a zamanin Rally1 ma, tseren farko na sabuwar doka, Monte Carlo 2022, Ford Puma ta M-Sport ce ta ci a hannun Loeb yana da shekara 47.

Malamin Kongo:
Ƙanena, misalan naka gaskiya ne, amma ka duba shekarun. 2017 shekarar farko ce ta sabuwar doka. 2022 ma haka. A shekarar farko kowa daga sifili ya faro, wanda ya fi basira a zane shi ke gaba. Daga shekara ta biyu sai tambaya ta koma wa ke da kuɗin ci gaba da gyara. Puma ta ci tsere ɗaya a 2022, biyu a 2023 da Tänak, Suwidin da Chili, daga nan shiru. Motar ba ta lalace ba, sauran ne suka wuce ta.

Kuma 2017 ba da hannu wofi aka yi ta ba. Volkswagen ta fice bagatatan a Nuwamba 2016, direbanta Ogier, zakaran duniya sau huɗu, ya wayi gari babu mota, ya koma M-Sport, kamfanin Red Bull ya biyo shi da kuɗinsa. Irin wannan sa'a ba kowace shekara take faɗowa ba. Da kuɗin riƙe su ya gagara, Tänak ya tafi Toyota a 2018, Ogier ya tafi Citroën a 2019, Evans ya tafi Toyota a 2020, Fourmaux ya tafi Hyundai a 2025. M-Sport na raino, wasu na ɗauka.

Injiniya 'Yar Tudun Jukun:
Ina so in tsaya a kan kalmar "ci gaba da gyara", don ba a sake take ba. Da zarar hukumar FIA mai kula da tseren motoci na duniya ta amince da ƙirar mota, manyan sassanta sun daskare. Ba za ka wayi gari ka canza wurin ɗaura ƙafa ko siffar fiffike ba. Ana ba kowace ƙungiya 'yan damammaki ƙidayayyu na canji, waɗanda suke kira joka. Idan ka kashe joka a kan abin da bai yi aiki ba, ka zauna da shi. An yi wannan doka ne don rage kashe kuɗi, amma a aikace ta ƙara wa mai kuɗi ƙarfi, domin shi ne zai ƙera samfuri huɗu ko biyar, ya gwada a kwamfuta, ya gwada a ramin iska, ya gwada a hanya, sannan ya zaɓi ɗaya ya kai wa hukuma. Marar kuɗi samfuri ɗaya zai yi ya yi addu'a.

Haka ranakun gwaji. An ƙayyade su, kuma an hana gwaji a wajen Turai. Amma kowace ƙungiya tana da wurin gwaji na dindindin da ba ya shiga wannan ƙidaya. Toyota na zaune a Jyväskylä, tsakiyar Finland, hanyoyin da ake tseren Finland a kansu suna bayan gidanta. Injinanta kuma a Kolon ta Jamus ake haɗa su, a masana'antar da ta taɓa riƙe shirinta na Formula 1. Waɗannan na'urorin gwajin inji an riga an biya kuɗinsu tun tuni.

Hyundai ma ba talaka ba ce, cibiyarta na kusa da Frankfurt ta Jamus. Matsalarta lokaci ne. Amincewar shugabannin kamfani kan motar 2022 ta zo a makare, sai aka ƙera i20 N Rally1 a gurguje, rabin farkon kakar ya tafi a gyaran abubuwan da ya kamata a gano a gwaji. Wato ba yawan kuɗin kaɗai ba, ranar da aka sa hannu ma tana shiga cikin gudun mota.

Mai Safaya na Kwangila:
Hajiya ta taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Kayan gyara. Sassan mota irin wannan ba a jira su karye, kowanne yana da adadin kilomitar da aka yanka masa: sandar da ke juya taya, hannun ƙafa, kan sitiyari, tobo, giyabos. Idan ya cika adadinsa a cire, ko da ido bai ga komai ba, domin ƙarfe yana gajiya daga ciki, tsagewar tana farawa kamar silin gashi. Babbar ƙungiya tana sa sabo kafin lokaci. Ƙaramar ƙungiya tana duba shi da maganin gano tsaga ta mayar. Sau tara ya wuce lafiya, na goma ya karye a tsakiyar daji.

Hukuncin kuma ba sauƙi. Idan mota ta tsaya, za a iya gyara ta ta dawo washegari, amma kowane zango da ta rasa minti goma ne a kanta. A wurin gyara lokaci a ƙidaye yake: minti 15 da safe, minti 45 da yamma, da wani a tsakiyar rana, kuma makanikan da aka yarda su taɓa mota ƙidayayyu ne, da alama a hannunsu. Ka makara fita, daƙiƙa 10 a kan kowane minti. Shi ya sa ba a gyara a wurin, musanya ake yi. Ƙafa guda da birkinta da shokazobarta tana haɗe a kan teburi, a kwance ƙusoshi a zare tsohuwa a cusa sabuwa. Kafin ka yi haka sai kana da irin wannan haɗin na kowace kusurwa, na kowace mota, na kwalta daban na burji daban, don na kwalta wili inci 18 ne da babban faifan birki, na burji inci 15 ne da ƙarami. Ga shi kuma Kenya da Japan da Kudancin Amurka sai an tura wasu kayan ta jirgin ruwa tun watanni kafin lokaci, ke nan sai ka mallaki kaya ninki biyu.

Baba na Ƙofar Doka:
Yara, duk abin da kuka faɗa daidai ne, sai dai kuna kallon kamfani kamar bango ne da za a jingina da shi har abada. Tarihin gasar nan tun 1973 tarihin shiga da fita ne, kuma mai yanke hukuncin ba ya wurin tsere, yana ofis.

Toyota kanta ta ci kambun 1999 ta tattara ta tafi Formula 1, ba ta dawo ba sai 2017. Peugeot ta ci 2000, 2001, 2002 da motarta 206, ƙarshen 2005 ta fita. Mitsubishi ta fita a wannan lokacin. Disamba 2008, tattalin arzikin duniya ya karye, Suzuki da Subaru suka fita a mako ɗaya, aka bar Citroën da Ford su kaɗai. Mini ta shigo 2011, kafin a ce kwabo BMW ta zare hannu a 2012. Volkswagen ta zo 2013, ta ci tsere 43 cikin 52, kambu huɗu a jere, badaƙalar hayaƙin injin dizal ta 2015 ta ci kuɗin kamfanin, aka rufe shirin alhali sabuwar motar 2017 ta gama gwaji. Citroën mai kambu takwas ta fita ƙarshen 2019, ta ce don Ogier ya bar ta.

Ku lura, kusan babu wanda ya fita don ya kasa gudu. Kamfani na shiga ne don ya sayar da mota. A da alaƙar a fili take. Peugeot 504 ta ci tseren Safari na Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Mutumin da ya ji wannan labari ya ga motar a tashar Kano ko ta Funtuwa an loda mata kaya har sama, ya san abin da ake nufi da ƙarfi, domin motar ce dai. A tsohuwar dokar Group A, da farko sai ka ƙera guda 5,000 na sayarwa kafin a bar ka ka yi tsere da ita, daga nan aka samu Delta Integrale da Celica GT-Four. Rally1 ta yau kejin bututun ƙarfe ce aka lulluɓe da bodi mai kama da na kasuwa. Puma ta tsere da Puma ta titi, suna ne ya haɗa su da fitila. Mai kula da talla a kamfani zai tambaya: me wannan ke sayar mini?

Ɗan Tudun Wada:
Baba, Allah ya ƙara girma. To me ya sa Toyota ba ta yin wannan tambayar?

Baba na Ƙofar Doka:
Saboda mai gidan da kansa ɗan tsere ne. Akio Toyoda yana tuƙa motar tsere, shi ya dawo da su a 2017 ya damƙa wa Tommi Mäkinen, daga 2021 kuma Jari-Matti Latvala. Sun kuma gina kasuwa a kai: GR Yaris ta titi, mai silinda uku da jan ƙafa huɗu, don rali aka haife ta. Suna da shirin raino matasan Japan wanda ya fito da Katsuta. Ƙarfinsu ke nan, kuma nan ne rauninsu. Abin da ke tsaye a kan son mutum ɗaya yana buƙatar mutumin.

Injiniyan Samaru:
Bari mu zo kan haibirid, wato ƙarin ƙarfin lantarki a kan injin mai, don a ganina shi ne babban darasi. An sa shi a 2022 domin kamfanoni su samu abin nuna wa shugabanninsu cewa gasar na tafiya da zamani. Na'ura ce guda daga kamfanin Compact Dynamics, kowa iri ɗaya: kilowat 100, wajen doki 134, batir mai kilowat-awa 3.9, nauyi kilo 84, a bayan kujeru. Da ita ƙarfin mota ya haura doki 500 na ɗan lokaci. Kuɗin mota ɗaya ya doshi Yuro miliyan ɗaya. Sabon kamfani nawa ya shigo saboda ita? Ko ɗaya.

Yadda ta mutu ma abin lura ne. A 2024 mai ƙera ta ya fito da sabon sharaɗi: idan na'urar ta sha bugu uku da suka haura 15G (ƙarfin da ya ninka nauyinta sau 15), ko guda ɗaya da ya haura 25G, ba a sake kunna ta a wurin, sai an mayar masana'anta an buɗe. A rali irin wannan bugu abincin yau da gobe ne, sauka ɗaya daga tsalle ko dutse ɗaya a ƙarƙashin mota ya isa. Kuɗin gyara ya tashi, M-Sport ta ce ba za ta iya ba. Aka cire ta a 2025, aka rage nauyin mota daga kilo 1,260 zuwa 1,180, aka rage zoben iska kamar yadda Oga ya faɗa. A cikin 2024 kaɗai an ce za a cire a Fabrairu, an ce an fasa a Yuni, an cire a Nuwamba. Wane kamfani ne zai zuba kuɗin shekara biyar a inda doka ke juyawa sau uku a shekara?

Oga Mai Gareji, Sabon Gari:
Tunda an ambaci zoben nan sau biyu, a san cewa a kansa aka yi babbar badaƙalar gasar. A 1995 a tseren Kataloniya aka kama Toyota da wata dabara a Celica: idan an ɗaure bututun iska, zoben yana matsawa kamar milimita biyar, iska ta zagaye ta gefensa, idan an kwance don bincike ya koma mazauninsa. Aka ƙwace makinsu na shekarar, aka dakatar da su wata goma sha biyu. Wannan ya nuna muku darajar 'yar iskar da ke wucewa ta wurin.

A Kenya kuwa iskar ce ke kashe inji. Naivasha, inda ake tseren, tana kan tudu, kusan mita 1,900, iska ba ta da kauri, tobo na wahala, lagireto ba ya sanyaya yadda ya saba. Ga wata ƙura mai laushi kamar garin fulawa da suke kira fesh-fesh, ta fi ƙurar hunturunmu laushi nesa ba kusa ba. Mota ta nutsa a ciki, bamba ta kwaso ta ta watsa a bakin shan iska, filta ta toshe, inji ya shaƙe. Idan ta ratsa filta ta ci ringi. Daga 2024 aka yarda a sa doguwar hanci da ke shan iska daga saman rufi. Toyota ta ci Safari duk shekara daga dawowarsa a 2021 har 2025, a 2022 da 2023 ma ta ɗaya zuwa ta huɗu. A 2021 Neuville na gaba har safiyar Lahadi, shokazobar baya ta dama ta karye. Ba a gwaji a Kenya, don haka wanda ya fi tara bayani da kayan kwaikwayon yanayin a gida shi ke cin riba.

Injiniya 'Yar Tudun Jukun:
Kada dai a ɗauka Hyundai ba ta da haƙori. Ta ci kambun masu ƙira a 2019 da 2020, Neuville ya ci na direba a 2024. A wannan shekarar ta isa Japan tana gaba da maki 15, Tänak ya yi hatsari safiyar Lahadi, Toyota ta ƙwace kambun a zangon ƙarshe da maki uku, 561 da 558. Tsarin makin yanzu yana sa irin haka: a 2025 mai nasara na samun 25, sai 5 na wanda ya fi gudu ranar Lahadi, sai 5 na zangon ƙarshe. Maki goma na rataye a rana ɗaya.

Abin da ke damuna da Hyundai shi ne hankalin gidan ya rabu. An ɗora wa shugaban sashen tserenta, Cyril Abiteboul, shirin Genesis, reshen Hyundai na motocin alfarma, na tseren juriya, irin na Le Mans, daga 2026. Injiniyoyi da kasafi daga tukunya ɗaya suke fitowa. Sun tabbatar da zama a rali na 2026, amma har ƙarshen 2025 ba su ɗaure kansu da sabuwar motar 2027 ba. Tänak ya ce zai huta. Ƙungiyar da ake sabunta zamanta shekara-shekara ba ta iya riƙe ƙwararren injiniya, kowa na neman inda zai kwana da tabbas.

Malamin Kongo:
To ga 2027. A Disamba 2024 majalisar FIA ta amince da tsarin: kejin bututu na bai-ɗaya, inji da giya irin na Rally2, ajin da ke ƙasa da Rally1, bodi kowane iri kake so ka ɗora, farashin mota kada ya wuce Yuro 345,000, doka ta shekara goma. Babban canjin shi ne ba sai kamfanin ƙera motoci ba, gareji mai zaman kansa ma zai iya ƙera tasa ya yi mata rajista. Kuma motocin Rally2 na yanzu za su iya karawa da su a aji ɗaya. Injin Rally2 zobensa milimita 32 ne, doki wajen 290. Gudun zai ragu, amma masu iya shiga za su yawaita. A ganina wannan ne karo na farko da aka rubuta doka ana tunanin ranar da kamfani zai tafi.

Dalili kuwa a bayyane yake. Rally1 mota goma ko ƙasa da haka ake gani a yawancin tsere. Rally2 kuwa Škoda na sayar da Fabia, Citroën C3, Toyota GR Yaris tun 2024, Ford Fiesta, Hyundai i20, ga Lancia mai kambu goma ta dawo da Ypsilon a wannan aji. Can kasuwa take, don kamfani na sayar da mota ne ya karɓi kuɗi, ba ya ƙona su ba.

Mai Safaya na Kwangila:
Malam, a nan zan saɓa maka kaɗan. Ƙayyade farashin mota ba shi ne ƙayyade kuɗin gasa ba. Lokacin da aka fito da ajin R5 a 2013, wanda ya zama Rally2, an sa masa iyaka Yuro 180,000. Yau ba ka samun sabuwa a kusa da wannan. Kuma mai sayar da kaya ya sani, ribar ba a jikin mota take ba, a safaya take. Idan ba a ɗaure farashin giyabos da shokazoba da hannun ƙafa ba, an toshe ƙofa an bar taga. Sannan kuɗin jigilar tsere 14 a nahiya huɗu, albashi, otal, tayar Hankook, gyaran mota bayan hatsari, ba ɗaya da zai ragu don motar ta yi araha. Da sauran rina a kaba.

Ɗan Tudun Wada:
Amma ko ba komai M-Sport za ta numfasa. Ita da ma da sayar da mota take rayuwa: Fiesta Rally2 daga Ingila, ƙananan ajin daga reshenta na Kraków a Poland, ga aikin Raptor na Dakar da Ford ke biya. A Rally1 dole ta ɗauki direban da ya zo da masu ɗaukar nauyinsa, kamar McErlean da tallafin hukumar tseren Ireland. Idan motar da take tsere da ita ita ce wadda za ta sayar wa mutum talatin, kuɗin gwaji ya samu inda zai fito.

Injiniyan Samaru:
Haka ne, da sharaɗi ɗaya. Motar da aka ƙayyade wa farashin sayarwa ba a ƙayyade kuɗin ƙirƙiro ta ba. Toyota ta riga kowa fara aikin motar 2027. Za ta iya kashe abin da ta ga dama a zane da gwaji, ta sayar a 345,000 ko da da asara, ta cike gibin daga kasafin talla. Gareji mai zaman kansa dole kowace mota ta biya kuɗin sabulunta. Ga direbobi kuma: Rovanperä ya bar rali ya koma tseren da'ira, nan take suka ɗauko Oliver Solberg, wanda ya ci Istoniya a fitowarsa ta farko da Yaris Rally1. Suna da na gaba a layi tun kafin gurbi ya buɗe.

Oga Mai Gareji, Sabon Gari:
Abu ɗaya zai rage wannan tazara, kuma na ƙarfe ne. A ajin da ake sayarwa, duk sashen da aka yi wa rajista dole ya kasance a kundin kaya, kowa ya iya saya a farashin da aka rubuta. Idan an tsaurara wannan a 2027, sabon hannun ƙafar da motar kamfani ta sa a Monte Carlo, mai gareji zai iya yin odarsa. Abin da ba a sayarwa shi ne jerin farantin cikin shokazoba, da saitin aksul na gaba da na baya, da taswirar inji ta kowane yanayi. Waɗannan a littafin injiniya suke, kuma kilomitar gwaji ce ke rubuta su. Don haka dokar da zan fi zuba wa ido ba ta farashi ba ce, ta ranakun gwaji ce, musamman idan kamfani na da motocin kwastomomi ashirin da ke tsere a gasannin ƙasashe kowane mako suna turo masa bayani kyauta. Wannan ba a ƙidaya shi a matsayin gwaji, kuma Škoda ta fi kowa yawan irin waɗannan motoci a hanya.